Hotuna Goma Sha Shida a Zauren Sarki Alberik

An yi wani sarki a ƙasashen Turai mai suna Alberik, wanda ya gāji daular da a dā jiragenta ke cika teku, amma kafin kambi ya hau kansa larduna sun yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya. Gidan nan suna da wata al'ada: ba a naɗa magaji sai an rataya hotunan kakannin kakanninsa su goma sha shida a zauren fada, kowannensu ɗan sarauta, kuma ɗan sarkin da ya kasa cika sharaɗin a kore shi daga ƙasar. Don kada jininsu ya gauraya da na talaka, shekara ɗari biyu ba sa aure sai a tsakaninsu. Zumunci abu ne mai kyau, amma nasu girman kai ne da ƙyamar bayin Allah.

'Ya'yan sarki biyu ne. Leyandar, ɗan sarauniya, ya shekara talatin amma ba ya iya tsayuwa sai an riƙe shi. Matiyas kuwa uwarsa 'yar mai niƙan alkama ce, shi ne kuma ya shekara bakwai a bakin kogi yana tare abokan gaba. Fadawa sun ƙulla a kori Matiyas, ba don son Leyandar ba, sai don su samu hannun da za su riƙa sa wa hatimi. Abin takaici, ƙasa na ci da wuta suna gardamar hotuna.

Da tsufa ya kama sarki, sai ya kira Alƙali Fabiyan ya ce, "Ya kai alƙali, ga zaure nan, ka duba ka faɗa mana wanda ya cika sharaɗi da wanda za a kora."

Alƙali ya yi kwana uku yana kallon hotunan kakannin Leyandar, fadawa na yi masa dariyar ƙeta. A rana ta huɗu ya tsaya gaban sarki.

"Allah ya ja zamanin sarki. Matiyas bai cika sharaɗi ba, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Amma ina roƙon sarki ya tako ya dubi mutumin nan mai tabo a girar hagu." Sarki ya tako. "Ga shi nan da gemu, ga shi can da sulke, ga shi kuma da hular gashin jimina. Sau huɗu aka zana shi, kowanne da laƙabinsa dabam. Matar nan mai ɗan siririn wuya sau uku aka zana ta. Na ƙidaya, ranka ya daɗe, mutum shida ne a bangon nan, ba goma sha shida ba, domin auren gida ya sa kakan nan shi ne kakan can."

Waziri ya daka tsawa ya ce wannan cin mutuncin magabata ne. Alƙali ya ce, "Magabata ba su yi ƙarya ba, Waziri, masu rai ne suka sa mai zane ya sauya musu huluna. In dai sharaɗi za a bi, to a kori 'ya'yan sarki duka biyu yau. In kuwa ƙasa ake so ta tsira, a bai wa wanda ke tsaron ta."

Sai sarki ya juya wajen Leyandar, wanda aka jingina da matasai, ya tambaye shi ra'ayinsa. Leyandar ya yi ta kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Baba, ni ban taɓa son kambi ba. Yau ne aka fara tambayata."

Hawaye ya zubo wa sarki. Nan take ya soke al'adar, ya aika a kirawo Matiyas aka naɗa shi magaji, ya tuɓe Waziri, ya cire alkyabbar jikinsa ya ba alƙali, haɗe da shugabancin alƙalan daula. Sai dai gyaran ya zo a makare, domin abin da Matiyas ya gāda bai kai sulusin ƙasar kakanninsa ba.

Shi ya sa masu hikima suka ce, mulki da adalci yake tsayawa, kuma gidan da ya fifita asali a kan cancanta 'ya'yansa yake fara zalunta kafin ya kai ga talakawa.