Kwanon Guguwa a Bakin Taga

Akwai wani saurayi da ake kira Guguwa, don ba ya iya zama wuri ɗaya. Faɗan matasa ne ya kai shi gidan yari. Aka sako shi kafin wa'adinsa ya cika bisa sharaɗi biyu: ya riƙa zuwa zaman shawara a cibiyar unguwa kowane mako, kuma ya samu wurin zama tsayayye. Ranar da jami'in kotu ya zo bai same shi ba, zai koma ya ƙarasa zamansa.

Sharaɗin farko bai ba shi wuya ba. Na biyun ne ya zame masa ƙarfen ƙafa.

Gidan kawunsa ya fara sauka. Da ya ga ana kulle ɗakuna idan ya shigo, ya ɗauki jakarsa. Wajen abokinsa ma, tsaki ɗaya ya ji ya bar gidan. Ba wanda ya taɓa korarsa, shi yake korar kansa tun ba a buɗe baki ba. In an yi magana ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Jami'in ya gaji, ya ce masa canji na gaba shi ne na ƙarshe.

Malamar da ke ba su shawara ce ta samo masa ɗaki a gidan hayar wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo. Ɗaki ne ƙarami, katifa ɗaya da taga mai kallon tsakar gida. Guguwa ya shiga, amma jakarsa na nan a ɗaure bayan ƙofa, ko riga ɗaya bai rataye ba. In ya dawo daga wurin wankin mota sai ya yi ta zarya, daga ɗaki zuwa famfo, daga famfo zuwa ƙofar gida.

Gwaggo ta ji tausayinsa, takan zuba masa abinci. Sai dai kwano in ya shiga ɗakin Guguwa ba ya fitowa. Cokali ma haka. Telan da shagonsa ke ƙofar gidan, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu, ya fara cewa ai hali zanen dutse ne.

Wata rana ruwan sama ya tsiyaya a ɗakunan gidan, Guguwa kuwa yana can cibiyar unguwa. Gwaggo ta sa tela ya taya ta fito da katifu a shanya. Suna ɗaga tasa sai ga kwanoni a jere a wanke tas, da cokula, da guntun sabulu.

Da Guguwa ya dawo ya tarar da kwanonin a tsakar gida, 'yan haya sun kewaye su. Ya shige ɗaki ya suri jakarsa, ƙafafunsa har sun san hanya. A bakin ƙofa ne maganar da malamar ta sha nanata masa ta dawo: ko sau ɗaya ne ya tsaya a ce masa tafi kafin ya tafi. Ya san kuma in ya fita yau, ba titi zai nufa ba, gidan yari zai koma.

Ya tsaya, jaka a kafaɗa. Gwaggo ta tambaye shi dalilin ɓoye kwanonin.

"Gwaggo, a can in ka bar kwanonka a fili, kun rabu ke nan," in ji shi. "Wanda kuwa ba shi da kwano ba shi da abinci. Hannuna ne yake ɓoyewa kafin in farga. Na sha niyyar mayar miki, kunya ta hana ni."

Tela ya ce daɗin baki ne kawai. Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ni dai ban taɓa ganin ɓarawon da zai wanke abin da ya sata ya kwanta a kai ba," ta ce.

Ta kwashe kwanoninta ta bar guda ɗaya, ta ɗora shi a bakin tagarsa ta waje, inda kowa ke wucewa.

"Wannan naka ne, ɗana. A nan zai kwana. Gobe ka duba."

Da ƙyar Guguwa ya runtsa. Da gari ya waye ya leƙa, kwano na nan. Washegari ma yana nan. A hankali ya daina leƙawa.

Ranar da jami'in kotu ya zo, ya same shi a kan kujera yana buga ƙusa a bango. Rigunansa na kan katifa suna jiran rataya, jakar kuwa tana ninke a gefe, babu komai a ciki.

Darasi: Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Kafin ka yanke wa wanda ya fito daga gidan yari hukunci, tambaye shi dalili, ka ba shi wurin da zai ajiye kayansa. Kai kuma da ake ba dama, ka daure ka tsaya. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani Guguwa yana bakin ƙofa da jakarsa yanzu.