Amalanken da Gara ta Ci

An yi wani mutum a nan Potiskum, a shekarun nan da man fetur ya yi wuya. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna da rai.

Wata tsohuwa, Hajja Gogo, ta sayi amalanke ta ba unguwarsu sadaka, ana ajiye shi a ƙofar masallaci. Mai kai niƙa ya ɗauka, mai mara lafiya ya tura shi zuwa bakin titi, don mota ba ta shiga lungun. Sharaɗin ɗaya ne: in ka gama, ka maido.

Mutumin nan ya ari amalanken ya kwaso gero daga kasuwa, ya ji daɗin turawa, sai ya shige da amalanken gida. Da liman ya yi cigiya, ya miƙe cikin jama'a ya ce, "Wallahi na mayar."

Ya 'yan uwa, ranar nan ya kulle kansa. Ƙofar gidansa ɗaya ce, kuma tana kallon masallaci. Ta ina zai fito da shi? Ya tura shi bayan rumbu, ya lulluɓe da kara. Ya hana maƙwabta shiga gidan. In aka yi sallama, ya ruga ya tare ƙofa. Ga amalanke a gida, ga shi da buhu a ka, yana gumi. Wannan wace irin riba ce?

Da damina naƙuda ta zo wa matarsa Bara'atu da gardama. Ungozoma ta ce sai asibiti. Maƙwabta suka taru a zaure, wani ya ce, "Kai, da amalanken Hajja yana nan!" Mutumin yana ji, amma kunya ta hana shi fito da amalanken. Sai da ya ji nishin matarsa ya canza, sannan ya ruga ya yaye karan a gaban kowa.

Gara ta cinye katakon, tayoyin sun ruɓe. Ya kama hannun amalanken, ya ɓalle a hannunsa. A kan ƙyaure aka ɗauki Bara'atu, kuma ba ta kai bakin titi ba.

Ya 'yan uwa, wanda ya danne kayan jama'a, kansa ya fara cuta. In akwai abin aro a bayan rumbunka, mayar da shi yau, tun kunyar tana ƙarama.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya jiƙan Bara'atu. Amin.