Darar Tsoho Labbo a Kwamfuta

Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Badaguishiri mai suna Mas'udu, wanda a shekarar 2007 ya ɗauro wani aiki da mutane suka ce wahalar da kai ne: yana so ya sa dara a kwamfuta.

Dalilinsa ɗaya ne. Mahaifinsa, tsoho Labbo, gwanin dara ne da ba a taɓa korarsa daga gurbi ba, ga shi idonsa ya fara mutuwa. Mas'udu yana tsoron gwanintar nan ta bi idon.

Ya buɗe shafi a intanet. Duk Asabar sai ya hau mota zuwa Konni, ya shiga siber, shagon intanet, ya rubuta inda aiki ya kwana. Amma ka ji malam da boko! Dokokin darar daga wani shafin Faransanci ya kwaso su, ga gwani yana zaune a zaurensu. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Da ya gama, ya sanar a shafinsa da alfahari, sannan ya kai wa tsoho. Yana faɗa masa motsin kwamfutar, shi kuwa yana lalube a ƙasa da tsinke.

Ba a jima ba Labbo ya janye hannu.

"Mi ta yi? Huɗu ta jera ta ci? Wagga ba dara ba ta, wasan yara na. Uku ka ci, Mas'udu. Wa ya koya maka?"

Kunya ta rufe Mas'udu.

Asabar na zuwa ya rubuta a shafin: "Na yi kuskure, zan sake daga farko." Wasu suka yi masa dariya, bai kula ba. Wata takwas yana durƙuso gaban mahaifinsa bayan la'asar, yana rubuta kowane tarko a littafi, yana zuba shi a kwamfutar.

Ranar gwaji na biyu, tsoho ba ya ganin komai sai duhu-duhu. Suka ja wasa har gumi ya keto masa. Can kwamfutar ta ba shi ɗa ɗaya, yana ci ta kwashe uku a jere.

Labbo ya fashe da dariya har da hawaye.

"Tarkona na wanga! Yanzu idon in ya so tahiya, shi tahi."

Darasi: Kada ka tsallake ilimin da ke gidanku ka tafi nema nesa, kuma in ka yi kuskure, amsa shi ka gyara. Tura wa wanda tsohonsa ke raye, ya je ya zauna gabansa tun yau.