Kifayen Hajiya Tasalla

An ce a garin Funtuwa an yi wata dattijuwa, Hajiya Tasalla, wadda aiki da aure suka watsa 'ya'yanta garuruwa. Babban ɗanta ya ga gidan ya yi mata shiru, sai ya kawo mata akwatin gilashi mai ruwa da 'yan kifayen ado a ciki. Tun daga nan, duk wanda aka yi wa haihuwa cikin 'ya'yan sai ya zo da sabon kifi, a sa masa sunan jaririn. Jikoki suka yi ta ƙaruwa, akwati kuwa yana nan yadda yake.

Ana nan sai ruwan ya fara duhu yana ƙarni. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki, ita kuma ta ɗauka yunwa ce, ta ƙara musu abinci. Wata safiya ta tarar da mai sunan jikarta Zulai ya mutu, ciki a sama. Ba ta iya karyawa ba sai da ta buga waya ta ji muryar yarinyar.

Ta aika aka kira yayanta Malam Jibo, wanda ya daɗe yana kiwon kifi kafin tsufa ya zaunar da shi. Ya duba, ya shanshana ruwan, ya ce kifin sun yi wa akwatin yawa, sai an rage.

"Yaya, wane jikan zan kora?" in ji ta.

Malam Jibo ya gyara zama ya ce, "Tasalla, ba ni kunnenki, ki ji labarin Ɗantani na Yawuri."

Ya ce shi Ɗantani ya haƙa ramin kiwon kifi a bayan gidansa, kuma saboda ɗoki, duk inda ya ga 'ya'yan kifi masu kyau sai ya kwaso ya zuba. Ba a jima ba ruwa ya yi kauri, kifi suka fara tasowa suna haki. Ya ƙara dusa, abin ya ƙara lalacewa. Maƙwabcinsa ya ce ya kawo rabi ya zuba a raminsa, Ɗantani ya ƙi, don gani yake abin da ya bar gidansa ya bar hannunsa. Rannan gwaggonsa Dije ta zo ta same shi a bakin rami ya yi tagumi. Da ta ji damuwarsa sai ta ce, "Ɗantani, zauna in gaya maka abin da ya sami Tunau mai tattabaru."

Ta ce Tunau yana son tattabarunsa har ba ya iya sayar da ko ɗaya. Da shaho ya ɗauke masa guda, sai ya kwaɓa laka ya toshe duk kafofin ɗakinsu, yana zuba musu gero ta ƙofa. Suka hayayyafa a ciki, kashi ya taru, wari ya cika ɗakin, gashinsu ya fara zuba. Shaho bai sake ɗaukar ko ɗaya ba, amma kullum sai Tunau ya fito da matacciya. Da abin ya ishe shi, ya fasa lakar, ya share ɗakin tas, ya kai wasu gidan ƙanensa, zuciyarsa na ɗaci. Ashe waɗanda ya kai ɗin, da la'asar sai su sauko tsakar gidansa su tsinci gero tare da 'yan'uwansu, sun yi ɓul-ɓul.

"Ka gani," in ji Gwaggo Dije, "guda ɗaya tak shaho ya ɗauka, sauran kuwa riƙon Tunau ne ya kashe su."

Malam Jibo ya ce, jin haka Ɗantani ya tashi ya kai wa maƙwabcinsa rabi, ya buɗe wa ramin hanya, sabon ruwa na zubowa yana motsa shi, tsohon na fita. Kifin suka koma ƙasa suna wasa. "Abincinsa bai taɓa gaza su ba, Tasalla. Numfashi suka rasa."

Hajiya ta ƙura wa gilashin ido. Can ta tambaya ko kifi ma yana numfashi. Ya ce ƙwarai kuwa, iskar da ke cikin ruwa yake shaƙa, kuma ruwan da ba ya motsi, ga kashi da ragowar abinci suna ruɓewa a ƙasansa, iskarsa ƙarewa take yi. Ya ce akwai ɗan inji mai tura kumfa cikin ruwa, a nemi wanda ke aiki ko an ɗauke wuta. A sa babbar matatar ruwa mai soso, a riƙa wanke sosonta da ruwan da aka ɗiba daga akwatin. Ruwan kuma kaɗan-kaɗan ake sauyawa duk mako, ba a zubar da shi gaba ɗaya. Amma duk wannan ba zai isa ba in akwatin na cike.

Ta ce to su wa za ta ba, ita ba ta yarda da hannun baƙo ba. Ya ce ai kowane kifi yana da mai suna. Manyan jikokin sun isa su kula da nasu, iyayensu su sama musu akwati.

Hajiya ta jima tana juya maganar. Ta tuna yadda yaran ke manna hanci a gilashin in sun zo hutu, kowa na neman nasa, a rabu ana kuka. Murmushi ya suɓuce mata.

"Na ji, Yaya," ta ce. "Gobe mu je kasuwa ka zaɓo injin da kanka. Yanzu taimaka mini mu rage ruwan nan, in ya so in kira iyayensu."

Malam Jibo ya naɗe hannun riga, ita kuma ta miƙe ta nufi madafa ɗauko bokiti.