Reshen da Ya Fito Ƙasa da Ɗauri

Akwai wani mutum da mahaifiyarsa ta tsufa ƙwarai. Tun tana budurwa ta taɓa shan wani irin garehul, babba kamar ƙaramar ƙwarya, ɓawonsa da kauri, cikinsa ja, ba ɗaci ko kaɗan. Shekara hamsin tana zancensa. Sai ɗan ya ce, "Iya, sai kin sha shi a tsakar gidan nan."

Ya tafi wurin wani tsoho mai lambu, ya zaɓi irin mai jan ciki. Tsohon ya ba shi dashe mai aure, ya ɗora yatsa a gindinsa ya ce, "Ka ga inda na ɗaure? Daga nan zuwa sama garehul ne. Daga nan zuwa ƙasa lemun tsami ne, na sa shi don saiwarsa na da ƙarfi. Duk abin da ya tsiro ƙasa da ɗaurin, ka tsinke shi ranar da ka gan shi."

Mutumin ya ce, "Haba Baba, ni za ka koya wa noma?"

Da damina ta sauka, reshe ya fito ƙasa da ɗaurin, kore shar, da ƙaya. Kafin kaka ya kere na sama. Mutumin ya dubi biyun ya ce, "Wannan ragon yana cinye wa mai ƙwazo taki." Ya sa wuƙa ya yanke na sama.

Shekara biyar yana ban ruwa, yana korar awaki. Duk wanda ya shigo sai ya yaba bishiyar. Da ta yi 'ya'ya, ya yanka ɗaya ya kai wa uwar. Ta lasa, ta runtse ido ta ce, "Ɗana, wannan ai na kunun gyaɗa ne."

Ya jawo mai lambun har gida yana cewa, "Ka cuce ni!" Tsohon ya duƙa, ya share ƙasa a gindin, sai ga busasshen kututture kamar ɗan yatsa. Ya ce, "Ga abin da na ba ka. Wa ya yanke?"

Mutumin ya duƙa, ya gane yankan wuƙarsa ne.

Tsohon ya ce, "A sake yi mata aure. Shekara uku."

Iya ta ce, "Ku yi. Wanda ke nan ya sha."

Ba ta kai ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: reshen sama sabuwar rayuwa ce da Almasihu ya ɗaura a kanmu. Gindin kuwa tsohon halinmu ne, kuma baftisma ba ta tuge shi ba, yana nan da ransa. Shi ne mai saurin girma. Fushi ba ya jiran damina, gulma ba ta neman taki. Haƙuri kuwa ganye biyu yake yi a shekara, shi ya sa muke kiransa ragwanci, mu sa masa wuƙa. Sa'an nan mu zauna a bencin gaba, mawaƙa ne mu, dattawa ne mu, kowa na yaba ganye.

To, 'yan'uwa, ba masu yabo ne za su sha 'ya'yan ba. Mutanen gidanka ne, kuma ba dukansu ne ke da wasu shekaru uku na jiranka ba. Kada ka ɗaga kai ka dubi tsawo. Duƙa ka dubi inda reshen ya fito.