Ƙwaya Goma a Jiƙaƙƙen Tsumma

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana!

Ta zo mu saurara, Baba!

Akwai wata gwauruwa, manomiya, a wani ƙauye. Kowace kaka takan zaɓi zangarniyoyin dawa mafi ƙoshi, ta ɗaure dami guda, ta rataye bisa murhu domin hayaƙi ya kori ƙwari. Wannan dami shi ne irinta. In ya salwanta, babu shuka, babu tuwon marayunta.

Ana nan, gab da faɗuwar damina, sai ga wani baƙo da buhunan iri rinanne ja. Ya tara mutane a gindin tsamiya, ya ce, "Ya ku manoman ƙwarai! Na zaga garuruwa, ban ga masu ƙwazo kamarku ba." Kowa ya gyara zama. Sai ya sassauta murya. "Amma ina tausayinku. Bana ruwa zai ɗauke da wuri. Irin kakanninku ba zai nuna ba, 'ya'yanku za su kwana da yunwa. Wannan kuwa, kwana sittin ya isa girbi. Garuruwan gaba duk sun karɓa, ku kaɗai kuka rage. Ku kawo tsohon daminku, in auna muku sabo. Gobe da safe zan wuce."

Zuciyar gwauruwa ta karkata, gama ya ambaci yunwa, ita kuwa ta san yunwa. Amma sai ta yi wa maganar abin da takan yi wa hatsi a masussuka, ta sheƙe ta a ranta, ta duba abin da ya rage. Ta miƙe.

"Malam baƙo, ka yabe mu, mun ji daɗi. Ka tsorata mu, mun tsorata. Ka ce kowa ya karɓa, ba mu ga ko mutum ɗaya ba. To, ba ni ƙwaya goma in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Nan da kwana uku mu ga ko za su tsira."

Baƙon ya tuntsire da dariya. "Inna, ashe tsummanki ya fi masana sani?" Jama'a suka taya shi.

Ta ce, "Ƙwaya na roƙa, ka ba ni dariya. Ita zan shuka?"

Ƙanen mijinta ya matso, ya ce, "Haba, matar yaya, kada ki kunyata mu gaban baƙo. Kowa fa ya yarda."

"Kowa ya kai nasa. Nawa yana bisa murhu, can zai kwana."

Suka kira ta mai taurin kai, suka kai dammunansu, baƙo ya ɗaure kaya ya tafi.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Kwana bakwai, gonar gwauruwa ta yi kore, sauran gonaki shiru. Da aka tona ramuka sai aka tarar ƙwayar ta ruɓe. Ashe tsohuwar dawa ce da ƙwari suka cinye cikinta, aka rina ta ja.

Ƙanen mijin ya zo da ƙwarya, kansa a sunkuye. "Matar yaya, a taimake mu da ragowar iri."

Ta ƙirga ƙwaya goma, ta zuba masa a tafi.

"Haba! Ai naki mun san shi."

Ta ce, "Nasa ma cewa kuka yi kun sani. Je ka jiƙa tsumma. In sun tsira, ka dawo in cika maka ƙwaryar."

Ma'anar wannan misali ita ce, irin nan shi ne bangaskiyar da aka danƙa muku, baƙon kuwa shi ne duk mai daɗin baki da zai so ku musanya ta. Zai zo a kasuwa, zai zo a waya, yakan ma zo riƙe da sunan Ubangiji. Ku sheƙe maganarsa. Ku ware yabo gefe, ku ware tsoratarwa, ku ware "kowa ya yarda" da "gobe zan wuce", sa'an nan ku tambaya, me ya nuna mana? Mai gaskiya ba ya tsoron kwana uku. In aka yi muku dariya domin kun yi tambaya, ku tsaya da ƙafafunku ku sake yin ta, ko da ku kaɗai ne a gindin tsamiya. Ni ma da nake gabanku, ku gwada abin da na faɗa.

Ƙurunƙus! Misali ya ƙare, saura jiƙa tsumma.