Hawainiya da Gangunan Birnin Jaralle

Ga ta nan, ga ta nanku, na zaune da na laɓe a bayan zana.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso kusa, kai kuma mai tauna gyaɗa ka rage mana ƙara.

Can bayan tsaunuka, inda kogi ke hawa tudu maimakon gangara, akwai wani birni mai suna Jaralle. Sarkinsu Gauraka ne, mai tukku a ka. Mutanen Jaralle ba abin da suka iya irin biki. Ruwan farko ya sauka, biki. Bazara ta matsa, biki, a taru a gindin kuka ana yi wa juna fifita. Amma uban bukukuwansu shi ne Bikin Sabuwar Tukunya, wanda ake yi da kaka, ranar da sabon hatsi ya fara hawa wuta.

Unguwanni uku ne a birnin, kuma ranar bikin kowace takan shafa launinta. Marina su shafa shuɗin baba, Maƙera su shafa baƙin gawayi, Magina su shafa jar ƙasa. Kowace unguwa da tukunyarta, kowace unguwa da gangarta. Doka kuwa ɗaya ce. Ka ci a tukunyar unguwarku har ka kasa tashi, ba mai ce maka kanzil. Amma wanda ya sa hannu a tukunyar wasu, a fitar da shi bayan ganuwa a rufe ƙofa. Bayan ganuwar nan kuwa Shaho ke shawagi, shi ba ya biki, ba ya azumi.

Ana jibi biki sai ga Hawainiya ta faɗo garin, baƙuwa, da ƙyar ta sha a hannun Shahon nan, har da tabon farcensa a wutsiya. Inna Bushiya, uwar tukunyar Marina, ta tausaya mata ta ba ta masauki. Ta zaunar da ita ta gaya mata doka.

Hawainiya ta ce, "Tukunya nawa kika ce, Inna?"

Bushiya ta ce, "Uku, amma taki ɗaya ce. Ki tsaya in gaya miki zancen ganguna, don shi ne babba."

"Na gane, Inna, na gane."

Wallahi ba ta gane komai ba. Tun daga kan "tukunya uku" kunnenta ya toshe, yawunta ya tsinke.

Ranar biki ta zo. Kai, ina ma kuna wurin. Guɗa ta ko'ina, hayaƙi ya tashi ta fuska uku, ƙamshi ya cika gari har kurciya na tuntuɓe a sama. Marina na layin shafa baba, Hawainiya kuwa ta ɗan yi miƙa kawai ta koma shuɗiya. Inna Bushiya ta zuba mata dambu, ya sha zogale ya sha man gyaɗa. Ta ci, ta ci, ta suɗe kwano, ta ce, "Allah ya maimaita mana."

Ta zaga bayan rumbu, ta yi miƙa, ta koma baƙa wuluk. Sai unguwar Maƙera, inda Gafiya ke kwasar tuwon sabuwar dawa da miyar taushe.

Gafiya ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce?"

"Haba Goggo, ni ce mai zuga a maƙerar can ta ƙarshe. Hayaƙi ne ya ramar da ni."

Aka zuba mata. Ta ci, ta ci, ta suɗe kwano, ta ce, "Allah ya maimaita mana."

Ta zaga bayan rumbu, ta yi miƙa, ta koma ja jawur. Sai unguwar Magina, inda Agwagwa ke dama furar sabon gero da nono da zuma.

Agwagwa ta ce, "Anya na san fuskar nan?"

"Yumɓu ne ya rufe ta, Yaya. Tun asuba nake gini."

Aka cika mata ƙwarya. Ta sha, ta sha, ta lashe ludayi, ta ce, "Allah ya maimaita mana." Ta koma shuɗiya, ta ja tumbinta ta zauna gefen Inna Bushiya kamar ta Allah. Murna fal ranta, tana cewa a zuci yau ta yi wa gari guda wayo.

To ga abin da ta ƙi saurara. A Jaralle, abincin biki yana jin muryar gangarsa. Wanda ya ci a tukunyar unguwa, da an taɓa gangar unguwar sai jikinsa ya amsa, ko yana so ko ba ya so.

Da la'asar aka taru a dandali, Sarki Gauraka ya zauna, Biri makaɗi ya ɗauki gangar Marina ya buga. Nan take kafaɗun Marina suka hau kaɗawa, har da na Hawainiya. Ta ji daɗi, ta ce ashe ita ma ta iya rawa.

Biri ya ajiye, ya ɗauki gangar Maƙera. Marina suka zauna, Maƙera suka tashi suna dukan ƙasa da ƙafa. Sai ƙafafun Hawainiya suka fara dim, dim, dim, baƙi yana hawa daga yatsunta. Ta danne su da wutsiya.

Bushiya ta ce, "Lafiya, 'yar nan?"

"Cinnaka ne, Inna."

Aka taɓa gangar Magina. Ƙugun Hawainiya ya fara juyi, ja yana ɓullowa a bayanta.

"Wannan ma cinnakan ne?"

"Da iyalinsa ya zo, Inna."

Sai Biri ya jera gangunan uku ya haɗa su gaba ɗaya, don haka ake rufe biki. Ina! Hawainiya ba ta san lokacin da ta tsinci kanta a tsakiyar fili ba. Kafaɗa na kaɗawa, ƙafa na duka, ƙugu na juyi. Shuɗi ya wuce, baƙi ya biyo, ja ya kore su, su sake dawowa. Dambu ya ja ta gabas, tuwo ya ja ta yamma, fura ta ce ita ma ba a bar ta a baya ba. Yara suka kwanta don dariya. Gafiya ta nuna ta, Agwagwa ta nuna ta, Inna Bushiya ta rufe fuska don kunya.

Sarki ya ɗaga fiffike, kiɗa ya tsaya. Ya ce, "A buɗe ƙofar ganuwa."

Hawainiya ta ɗaga ido, ta hango Shaho yana zagaye can sama. Tsoro ya kama ta, tabon wutsiyarta ya motsa. Ta zube tana haki.

"Ranka ya daɗe, a fitar da ni, na cancanta. Abin da ke damuna ɗaya ne. Tun da aka kafa Jaralle, Marina na cewa tukunyarsu ta fi, Maƙera na cewa tasu, Magina na cewa tasu, kuma ba wanda ya taɓa ɗanɗana ukun balle ya raba gardama. Ni kaɗai na sani. Ga shi amsar za ta tafi cikin Shaho."

Gafiya ta matso, Agwagwa ta matso, ita kanta Bushiya ta buɗe ido ɗaya. Sarkin ma sai da ya miƙo wuya, ya ce, "To wacce ta fi?"

"Allah ya ja zamaninka, shari'a ba ta son gaggawa. Ci ɗaya ba ya isa. Sai na maimaita, biki bayan biki."

Jama'a suka ɗauka, "A bar ta, a bar ta." Hawainiya ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi, tana lissafa kwanukan da ke jiranta.

Amma Gauraka ba a banza ya yi tukku ba. Ya ce, "An bar ki. Daga yau ke ce Magajiyar Tukwane. Kowane biki za ki ɗanɗana tukunya uku, abin da kan yatsa ya ɗauko, don alƙali ba ya cika ciki. Ɗanɗane kuwa ya ishi ganga. Rawar nan taki ta burge mu, za ki riƙa yi mana ita daga hantsi har faɗuwar rana, mu muna ci muna kallo. Ranar da kika yanke hukunci aikinki ya ƙare, ƙofa kuma tana nan inda kika san ta."

Hawainiya ta dubi tukwane, ta dubi sama, ta ce, "Godiya nake."

Har yau ba ta yanke hukuncin ba, kuma Jaralle ba ta fasa biki ba. Shi ya sa in kun gamu da ita a hanya za ku ga ta ɗaga ƙafa ta yi gaba ta yi baya, gajiyar rawa ce. Idonta ɗaya na kan tukunya, ɗaya na kan makaɗi.

Ƙurunƙus kan ludayin Agwagwa. Wanda zai ci tukunya uku, ya fara tambayar ganga nawa ce a garin. Kai kuma mai gyaɗa, miƙo sauran nan in ɗanɗana, ba ci zan yi ba.